Waiwaye: Daga ina kalmar "kaki" ta fito?

Asalin kalmar kaki ƙasa ce kawai. A Farisanci "khak" na nufin turɓaya ko ƙura, daga nan Urdu, harshen da ake yi a Indiya da Pakistan, ta samo "khaki", wato mai launin ƙasa. Harafin farko irin "kha" na Larabci ne da ake fitarwa daga maƙogwaro. Turawan Ingila suka kasa furta shi, suka mayar da shi "k", mu ma a haka muka karɓa. Ba ta da alaƙa da kakin zuma, kama ce kawai ta furuci.

A Disamba 1846 wani hafsan sojan Ingila, Harry Lumsden, ya kafa wata rundunar 'yan leƙen hanya a Peshawar, wadda yanzu take Pakistan. Jan kaya irin na sojan Ingila tun daga nesa ake hango shi a tsaunuka masu ƙura, don haka zuwa 1848 aka ɗinka wa mutanensa kaya masu launin ƙasa. Lokacin tawayen Indiya na 1857 sauran sojoji suka kwaikwaya, suna tsoma fararen kayansu cikin ruwan shayi, gahawa, taɓo, har da tawada.

Sai dai rinin ba ya kamawa. Wanki biyu ko uku ya koɗe, kuma a sahu ɗaya sai ka ga wani ya yi ja-ja, wani toka-toka. Maganin ya zo a 1884 daga Frederick Gatty na Lancashire a Ingila: a jiƙa yadin auduga cikin ruwan gishirin ƙarfe da na kuromiyam (wani ma'adini dangin ƙarfe), a shanya, sannan a bi da shi ta ruwan soda, launin ya daskare cikin zaren kansa. In ƙarfe ya yi yawa launin ya karkata zuwa ruwan ƙasa, in kuromiyam ne sai ya yi kore-kore. Aibinsa shi ne yadin kan yi tauri, yana dakusar da allurar tela.

Bindigogi masu dogon zango da albarushi mara hayaƙi ne suka ƙarasa jan kaya. A 1897 kaki ya zama kayan sojan Ingila a ƙasashen waje, Amurka ta bi sahu a 1898, sannan a 1902, gab da ƙarshen yaƙin Afirka ta Kudu, aka fito da mai duhu na ulu.

Sojojin mulkin mallaka na Afirka ta Yamma ne suka shigo da shi ƙasar Hausa, da jar dara a kai. A bakinmu kalmar ta bar launi ta koma sunan yadi da kayan sarki, shi ya sa kakin 'yan bautar ƙasa kore ne amma ba wanda ke musun sunansa.