Wahalar Haɗiya da Gwajin Tantance Ta

Wahalar haɗiya, wadda likitoci ke kira disfajiya, ita ce gazawar mutum wajen kai abinci, ruwa, magani ko yawu daga baki zuwa ciki cikin sauƙi ba tare da haɗari ba. Yawanci alama ce ta wata cuta da ke ƙasa, kuma tana jawo rama, ƙarancin ruwa a jiki da ciwon huhu.

Yadda haɗiya ke gudana

Haɗiya mataki uku ce. A baki ake tauna loma, yawu ya jiƙa ta, harshe ya tura ta baya. A maƙogwaro ne abin ke da hatsari, domin nan hanyar abinci da ta iska suka haɗu: cikin kamar daƙiƙa 1 ganɗa mai laushi ke toshe hanyar hanci, numfashi ya tsaya, maƙogwaro ya ɗaga sama, wani ɗan murfi na guringuntsi ya rufe hanyar iska. Daga nan loma ta faɗa maƙoshi, bututun tsoka mai tsawon kimanin santimita 25 a jikin babba, ya matsa ta har ciki.

Kalmomin asali

Masana sun raba matsalar gida biyu. Ta sama, wato ta baki da maƙogwaro, ita ce mutum ya kasa fara haɗiyar: tari, sarƙewa, dalalar yawu, ruwa ya fito ta hanci, ko tuwo ya taru a kumatu. Ta ƙasa kuwa lomar ta wuce wuya amma ta tsaya a ƙirji. Idan da nama da tuwo ta fara, sannu a hankali har kunu ya gagara, ana zargin maƙoshi ya tsuke ko akwai ƙari, kuma wannan ba abin jira ba ne.

Zafin haɗiya daban yake. Loma na wucewa amma da raɗaɗi, kamar a mashaƙo ko ƙurajen maƙogwaro. Haka ma jin kamar wani abu ya tokare wuya alhali abinci na wucewa lafiya. Idan abu ya leƙa hanyar iska bai wuce tantanin murya ba, ana ce masa kutse. Idan ya wuce ya nufi huhu, shi ne shaƙa. Mafi muni ita ce shaƙar ɓoye, inda ruwa ke gangarawa huhu majinyaci ko tari bai yi ba, saboda jijiyoyin da ke jin abu a maƙogwaro sun yi rauni. Masu jinya sai su ga yana sha, hankalinsu ya kwanta. Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi da numfashi sama-sama su bayyana.

Abubuwan da ke kawo ta

A manya, shanyewar ɓarin jiki ce kan gaba: kusan rabin waɗanda ta kama suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Akwai kuma cutar Parkinson, raunin kai daga haɗarin babur, ruɗewar tsufa, maƙoƙo babba da ciwon daji. A yara akwai lahanin ƙwaƙwalwa tun daga haihuwa, sanƙarau, shan sodar sabulu bisa kuskure, da cutar noma mai cin fuska, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2023. 'Yan Kebbi da dama masu wannan cuta a asibitin noma na Sakkwato ake yi musu tiyata. A garuruwan ruwa irin su Argungu da Yawuri, ƙayar kifi da ta maƙale sananniyar matsala ce, kuma danna ta da lomar tuwo na iya ƙara kafe ta.

Ɗura ma ta cancanci ambato. Jaririn da aka kwantar, aka toshe masa hanci aka kwarara masa kunu yana kuka, hanyar iskarsa a buɗe take. Uwa ƙoshinsa take nema, amma huhunsa ne ke cikin haɗari, kuma al'ada ce da ya kamata a bari.

Gwajin tantancewa

Tantancewa ɗan gwaji ne na mintuna da nas ko wani ma'aikacin lafiya da aka horar ke yi a bakin gado, don a san wa zai ci ta baki, wa zai jira cikakken bincike. Ƙa'ida ita ce duk wanda ya zo da shanyewar jiki kada a ba shi komai ta baki, ko ƙwayar magani ko rubutu, sai an yi gwajin. A Ingila an tsara yin sa cikin awa 4 da isa asibiti.

Da farko ana duba ko majinyaci a farke yake sosai kuma zai iya zama a miƙe. Ana tambayarsa sunansa da inda yake, a ce ya fito da harshe, ya yi murmushi, ya yi tari, ya haɗiye yawu. Wanda ya kasa, nan ake tsayawa. Wanda ya wuce sai a fara da ƙaramin cokali na ruwa, mililita 5, mai gwajin na kallon yadda maƙogwaro ke ɗagawa, sannan ya ce masa, "Baba, ce a-a-a." Murya mai gurgura kamar ta mai kurkure baki alama ce ruwa ya kwanta a bakin hanyar iska. Matakin ƙarshe shi ne shanye mililita 90 a jere, abin da bai kai kashi 1 cikin 5 na ledar ruwa ba. Tari, tsayawa a tsakiya ko canjin murya duk faɗuwa ne.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ruwa tsagwaro ya fi saurin sarƙe irin waɗannan majinyata, don yana riga maƙogwaro rufewa. Shi ya sa wani gwajin tantancewa mai suna GUSS, da aka wallafa a 2007, ke farawa da abu mai kauri kafin ruwa, sannan busasshen abinci, bisa maki 20. Ga masu zuwa asibiti da ƙafarsu akwai EAT-10 na 2008: tambayoyi 10, kowace daga 0 zuwa 4, kuma maki 3 ko fiye na nuna buƙatar bincike. Taɓa bayan maƙogwaro a ga ko mutum zai yi yunƙurin amai ba ya nuna lafiyar haɗiya.

Bayan gwaji

Gwajin ruwa na iya kuskure shaƙar ɓoye. Tabbaci na samuwa ne ta hoton haɗiya, inda ake haɗiye abinci mai sinadarin bariyum ana ɗaukar hoto mai motsi, ko ta siririyar kyamara da ake zurawa ta hanci. Wanda ya faɗi gwaji ana iya saka masa robar hanci don abinci da magani, a tura shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi. Idan aka yarda ya ci, ana zaɓa masa kaurin abinci da abin sha bisa ma'aunin ƙasa da ƙasa na IDDSI mai matakai 0 zuwa 7, a ciyar da shi a zaune, loma ƙanana, ya ci gaba da zama na aƙalla minti 30 bayan ci, a kuma riƙa wanke masa baki, domin ƙwayoyin cutar da ke baki ne ke bin yawu zuwa huhu.