Waiwaye: Yadda gidan Ightham Mote ya tsallake rusau

A wani kwari da ke gundumar Kent, kudu maso gabashin Ingila, akwai wani tsohon gida da ruwa ya kewaye ta ko'ina, kamar gwalalon bayan ganuwa, sai an taka gada ake shiga. Wajen shekarar 1340 aka fara gina shi, kuma babban zaurensa na wancan zamani yana nan tsaye. Gonaki da dazuzzukan da ke kewaye da shi sun haura eka 500.

A ganina, abin da ya fi taimakon gidan shi ne masu shi ba su kasance hamshaƙan da za su rushe tsohon gini su kafa sabo don nuna isa ba. Kowa ya zo sai ya ƙara ɗaki ko taga, ya bar na magabata. Richard Clement, bafaden Sarki Henry na Takwas, ya saye shi a 1521. Har yau ana ganin zanen furen gidan sarautar Tudor, wato gidan su Henry, da rumman, tambarin matarsa Sarauniya Catherine, a rufin ɗakin ibadar gidan. Daga 1591 zuwa 1889 kuma yana hannun iyalan Selby.

Tashin hankalin ya zo ne a 1951, da magajin iyalan da suka saye shi bayan Selby ya kasa ɗaukar nauyinsa ya sa shi a kasuwa. Har an fara maganar rushe shi, sai wasu mutum uku 'yan yankin suka haɗa kuɗi suka saya don kada a taɓa shi. A 1953 wani Ba'amurke, Charles Henry Robinson, wanda ya taɓa ganin gidan yana saurayi ya kuma kwanta masa a rai, ya karɓe shi. Da ya rasu a 1985, ya bar wa National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi a Ingila.

Ashe ƙwari da danshi sun cinye katakan ta ciki. Daga 1989 aka shiga gyara, ana kwance gidan sashe-sashe, ana rubuta yadda aka tarar da kowane katako da dutse, sannan a mayar da shi gurbinsa. Sai a 2004 aka kammala, bayan an kashe kimanin fam miliyan 10. Ko ɗakin karen da ke tsakar gidan, wanda aka yi wa wata karya mai suna Dido, yanzu doka ta hana a taɓa shi.