Ciwon baya da gyaran kairofirakta: zuwa nawa ya isa?

Duk wanda ya je wurin kairofirakta da tsohon ciwon baya, ya kamata tun ranar farko a faɗa masa ranar da za a zauna a duba ko aikin yana ci. Wannan rana kuwa ba ta wuce mako biyu zuwa huɗu da farawa. Idan ba a sa maka ita ba, kai ka tambaya. Ina faɗin haka ne a matsayina na ma'aikaciyar jinya da ke zagaya gidaje a unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi, ƙasar Gana, domin ina ganin mutanenmu suna biyan kuɗin wata shida a dunƙule, wasu ma da bashi, ba tare da an gaya musu abin da za su sa ran gani ba, ko yaushe.

Kairofirakta shi ne mai gyaran gaɓoɓin ƙashin baya da hannu. Zai kwantar da kai a kan wani siririn gado, ya juya ka gefe guda, ya naɗe maka ƙafa ɗaya, ya ɗora hannu a kafaɗa da ƙugu, sannan ya danna da sauri, sau da yawa ka ji ƙas. Sana'ar ta faro ne a Amurka a shekarar 1895, a hannun wani mutum mai suna D. D. Palmer. Kairofirakta ba maɗori ba ne, ba kuma likitan asibiti ba ne. Wannan ƙarar da ake ji, iska ce a cikin ruwan da ke tsakanin gaɓa, irin wadda kake ji in ka ja yatsanka. Ba ƙashi ne ya goce aka mayar ba. Wannan yana da muhimmanci, don wanda ya yarda ƙashinsa gocewa yake yi, zai yarda sai an yi ta mayar masa da shi har ƙarshen rayuwa.

A wurinmu ma'aikatan lafiya, ciwon baya ya zama tsoho ne idan ya wuce wata uku. Kuma ba mu kaɗai yake damu ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma a kusan kashi 90 cikin ɗari ba a samun wata cuta takamaimai da za a ɗora wa laifin. A watan Disamba na 2023 hukumar ta fitar da jagora kan irin wannan ciwo. Gyaran ƙashin baya da hannu yana cikin abubuwan da ta ce ana iya yi, tare da motsa jiki, tausa, da koya wa mai ciwo yadda zai kula da kansa. Saboda haka ba zan ce wa kowa kada ya je ba. Yana taimakon wasu. Amma binciken da aka tattara ya nuna amfaninsa daidai yake da na sauran hanyoyin da aka yarda da su, kamar motsa jiki, bai fi su ba.

To zuwa nawa? An yi wani bincike a jihar Oregon ta Amurka, aka buga shi a 2014, a kan mutum 400 masu tsohon ciwon ƙugu. Aka raba su gida huɗu, aka yi mako shida ana ganinsu. Wasu ba a yi musu gyaran ba sam sai tausa mai sauƙi, wasu an yi musu sau 6, wasu sau 12, wasu sau 18. Waɗanda aka yi wa sau 12 su ne masu binciken suka ga sun fi dacewa, tazarar da ke tsakanin gidajen ma ba ta da yawa. Wato ƙarin zuwa shida a kan sha biyun bai kawo wani abin a zo a gani ba. A Ingila kuma, jagorar da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a can, ta fitar a 2009 ta ce kada ya wuce zuwa tara a cikin mako 12, sannan wadda ta maye gurbinta a 2016 ta ce kada a yi gyaran hannu shi kaɗai, sai a haɗe da motsa jiki. In ka haɗa waɗannan, abin da hankali zai ɗauka shi ne zuwa sau biyu ko uku a mako, na mako biyu zuwa huɗu, sannan a tsaya a auna. In ana samun sauƙi, a ƙara 'yan makonni ana rage zuwan: daga sau biyu a mako zuwa sau ɗaya, daga nan sau ɗaya a mako biyu, sai sallama. In babu canji ko kaɗan bayan wata guda, ci gaba da zuwa ba zai canza labarin ba. A nemi wata hanya.

Inda mutanenmu suka fi ruɗewa shi ne wajen awon. In na tambayi dattijuwa, "Mma, yaya bayan?" sai ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Tarbiyyarmu ke nan, ba a kai ƙarar jiki, kuma ana jin nauyin mai magani. Haka za ta faɗa wa kairofiraktan, shi kuma ya rubuta ana samun ci gaba. Ga shi kuma bayan an danna mutum yakan ji jikinsa sakayau na 'yan awoyi ko kwana ɗaya, sai ya ɗauka warkewa ce. Shi ya sa nake cewa kafin ka fara, ka zaɓi abu biyu ko uku da ciwon ya hana ka, ka rubuta a takarda, ko ka sa jika ya rubuta. Mai sallah a zaune a kan kujera: yanzu tana iya ruku'u? Tana iya tashi daga sujada ba tare da ta dafa bango ba? Direban tirotiro, wato motar haya, da ke sauka a tashar Kejetia a duƙe, sai ya yi minti biyu riƙe da ƙofar mota kafin ya miƙe: yanzu yana miƙewa kai tsaye? Makanike a Suame Magazine, awa nawa yake iya yi a ƙarƙashin mota? Mai wake da shinkafa tana iya sauke tukunya daga murhu da kanta? Sau nawa ciwon ke tayar da kai cikin dare? Waɗannan amsoshin ba sa jin kunyar kowa. Ranar awo ka fito da takardar. Ba dole ciwon ya tafi gaba ɗaya ba, tsohon ciwo ba kasafai yake yin haka ba, amma dole a ga wani abu da ka kasa jiya kana yi yau.

Ciwon jiki ko tsamin nama na kwana ɗaya ko biyu bayan gyara ba abin tsoro ba ne. Ciwon da ke ƙaruwa bayan kowane zuwa, shi ne abin tsayawa.

Akwai kuma wanda tun farko bai kamata ya hau wannan gadon ba, sai likita ya gan shi. Wanda fitsari ya tsaya masa, ko fitsari da bayan gida suke zubo masa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa da mazaunai ya mutu, ko ƙafa tana ƙara rauni yana jan ta: wannan a ranar za a kai shi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, ba gobe ba, don jijiyoyi ne suka matsu, jinkiri kuma yana iya barin nakasa. Sai mai ciwon baya da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma muna da shi a unguwanninmu. Haka wanda ya taɓa yin ciwon daji, da wanda ya faɗi ko ya yi hatsarin babur, da tsofaffin da ƙashinsu ya yi laushi, musamman iyayenmu mata da jinin al'ada ya ɗauke musu da daɗewa, da mai sikila, da mai shan maganin tsinka jini. Kairofirakta na ƙwarai zai yi maka waɗannan tambayoyi kafin ya taɓa ka, ya kuma tura ka asibiti da kansa in ya ga alama. Wanda ya kwantar da kai bai tambaye ka komai ba, tashi ka sa takalminka.

Batun hoto ma yana cin kuɗin mutane. Ana ɗaukar hoton baya, a nuna maka 'yar karkata ko wurin da ya gogu, a ce ga dalilin da ya sa kake buƙatar zuwa arba'in. Mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai, in aka ɗauki hoton bayansu za a ga irin wannan, musamman in shekaru sun ja. Kamar furfura ce, ta ciki. Idan babu alamomin haɗari da na lissafa, yawanci ba a buƙatar hoto, balle a yi ta maimaita shi.

Wasu za su ce an gaya musu su riƙa zuwa duk wata ko sun warke, don kada ciwon ya dawo. Akwai wani bincike a ƙasar Suwidin da aka buga a 2018, wanda ya nuna masu irin wannan zuwa sun samu ragin kwanakin ciwo a shekara. Amma an yi shi ne a kan waɗanda ciwon ke yawan dawo musu, kuma suka ji daɗin gyaran sosai tun a zuwan farko-farko. Wanda yake cikin wannan sahu, kuma aljihunsa zai ɗauka, zaɓinsa ne. Ba wajibi ba ne a kan kowa, kuma ba abin da za a karɓi kuɗinsa tun ba a san yadda jikinka zai amsa ba. Ni shawarata, biya na kowane zuwa, ko na mako biyu. Ka kuma nemi ganin takardar shaidar karatu da ta rajistar mai aikin. Wanda yake da su ba ya jin haushin tambaya.

Abin da ke riƙe sauƙin bayan an daina zuwa shi ne abin da kake yi da kanka: tafiya a ƙafa kullum, ko da daga gida zuwa masallaci ne ta hanya mai ɗan nisa, da motsa jikin da za a koya maka na ƙarfafa ciki da baya. Idan mako biyu sun wuce ba a koya maka ko ɗaya ba, ka tambaya, ko ka nemi a tura ka sashen fisiyo na asibiti, wato masu gashi da koyar da motsa jiki. Kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara sandarar da baya. Ɗamarar ƙugu da ake tallarta a kasuwa, jagorar 2023 ɗin nan ba ta goyi bayan amfani da ita ga tsohon ciwon baya ba, haka ma ƙwayoyi irin su tiramadol, waɗanda mun ga abin da suka yi wa samarinmu. Diklofenak da ibufurofen suna rage ciwo, amma na ɗan lokaci ake sha, kuma mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko hawan jini, ko mai juna biyu, ya tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

'Yan matanmu masu dakon kaya a kasuwa su ne suka fi tsaya mini a rai, don ba wanda zai ce musu su huta alhali da kayan nan suke ci. Abin da zai yiwu shi ne a raba kaya gida biyu in ya yi yawa, a durƙusa da gwiwa wajen ɗauka, a jawo kwanon kusa da jiki, a sa wani ya taya ɗorawa da saukewa. Hajiyoyinmu masu shaguna da ke ba su kaya, wannan a hannunku yake.

Ciwon kan dawo, ko da an yi komai daidai. In ya dawo, kuma gyaran ya taimake ka a karon farko, zuwa kaɗan ya isa a ga ko zai sake lafawa. Ba sai an faro lissafin watanni daga tushe ba. In kuma ya dawo da wata sabuwar fuska, yana sauka ƙafa har ƙasan gwiwa da mutuwar yatsu, to a fara da asibiti.