Olraunda: mai tauna taura biyu a wasan kurket

Da wuya a ambaci Imran Khan, tsohon firaministan Pakistan, a labaran duniya ba a maƙala masa "tsohon tauraron wasan kurket" ba. Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa mukan ji mu wuce, don yawancinmu iyakar saninmu da kurket shi ne ɗan abin da muke tsinta a finafinan Indiya: wasu mutane cikin fararen kaya, wani ya wurgo ƙwallo, wani ya make ta da katako, sai ihu ya kaure. Amma ka tare ɗan Pakistan ka tambaye shi wane irin ɗan wasa ne Imran, kalma ɗaya zai ba ka, wato all-rounder, wadda ake furtawa olraunda. A bakin masu kurket babu kirarin da ya kai wannan tsada.

Na taɓa jin an fassara ta da "ɗan komai-da-ruwanka". Ni dai ban yarda da wannan fassara ba. Ɗan komai-da-ruwanka shi ne wanda yake tsoma baki a kowace sana'a, yau gyaran rediyo gobe dillancin fili, ba tare da ya ƙware a ko ɗaya ba. Olraunda kuwa sana'a biyu rak ya riƙe, jifa da bugu, kuma sharaɗin da tsofaffin masu wasan suka gindaya mai tsauri ne: sai idan za a iya ɗaukar mutum a ƙungiya saboda jifansa kaɗai, ko da bai iya bugu ba, a kuma ɗauke shi saboda bugunsa kaɗai, ko da bai iya jifa ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To wannan shi ne mutumin da ya tauna.

Kafin a gane nauyin abin sai an ɗan san yadda wasan yake. Ƙungiya biyu ce, kowacce mutum 11. A tsakiyar fili akwai wata doguwar farfajiya mai tsawon yadi 22, an kafa sanduna uku a kowane ƙarshenta. Mai jifa yakan taho a guje ya sako ƙwallo, kuma ba irin jifan yaro mai kakkaɓo mangwaro ba, hannu a miƙe yake juyo shi ta saman kai. Ƙwallon ta fata ce, girman lemo, nauyinta wajen giram 160, ga tauri kamar dutse. Mai bugu yana tsaye gaban sandunan da faffaɗan katako yana kare su. In ya buga ƙwallo ya samu sarari, shi da abokinsa sai su yi musayar wuri a guje, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ta gangara har bakin fili maki 4 ne, in ta tsallake ta sama 6. In kuwa ta kuɓuce masa ta doki sanduna, ko ya buga aka cafe kafin ta taɓa ƙasa, ya fita, a nan ake cewa mai jifa ya ci wiket. Jifa shida shi ne oba ɗaya.

To ga inda lissafi yake ɗaure wa kyaftin kai. A wasan yini ɗaya kowace ƙungiya tana da oba 50, kuma doka ta hana mutum ɗaya ya wuce oba 10. Ke nan dole a samu masu jifa aƙalla biyar. A cire mutum ɗaya mai tsaron bayan sanduna, saura biyar kacal na bugu. Su kuma masu jifa zalla, yawancinsu in aka miƙa musu katako abin tausayi ne, shi ya sa ake kiran 'yan ƙarshen jerin masu bugu "wutsiya". Idan ɗaya daga cikin masu jifan nan biyar ya iya bugu kamar ƙwararre, sai ƙungiya ta shiga fili da mutum 11 amma tana aikin 12. Dalilin da ya sa ake neman olraunda ruwa a jallo ke nan.

Akwai wani awo mai sauƙi da ake gwada su da shi. Ana raba makin da mutum ya ci da adadin fitar da aka yi masa, a samu matsakaicin bugunsa, wanda ake so ya yi sama. Sannan a raba makin da aka ci a kan jifansa da adadin wiket ɗin da ya ci, a samu matsakaicin jifansa, wanda ake so ya yi ƙasa. In na farko ya ɗara na biyu, mutum yana kawo wa ƙungiya fiye da abin da yake zubarwa. Imran Khan ya buga wasan Tes 88, wato dogon wasan nan na kwana biyar da ake ɗauka shi ne asalin kurket. Ya ci maki 3,807 da wiket 362. Matsakaicin bugunsa 37.69, na jifansa 22.81. Ratar kusan 15 ke nan.

Sai dai alƙaluman nan suna ɓoye wani abu, kuma shi ne ya sa na zaɓi Imran in yi misali da shi. Ba a haihuwar mutum olraunda, kuma ba ya zama iri ɗaya daga farkon sana'arsa zuwa ƙarshenta.

An haife shi a Lahore a 1952, a dangin da kurket ta zama gado, don 'yan uwansa biyu ta wajen uwa, Javed Burki da Majid Khan, duk sun riƙe kyaftin ɗin Pakistan. Ya fara buga wa ƙasarsa a 1971 a Birmingham ta Ingila yana ɗan shekara 18. Abin bai yi armashi ba: maki 5, wiket ko ɗaya babu, aka ajiye shi gefe har shekara uku. A tsakanin nan ya yi karatu a jami'ar Oxford, ya buga wa yankin Worcestershire, daga baya ya koma Sussex. A hankali ya sake salon jifansa gaba ɗaya, ya ƙara gudu, ya ƙara wani tsalle da yake dakawa daf da sakin ƙwallo wanda ya zama tambarinsa. A watan Janairun 1977 a Sydney ya ci wiket 12 a wasa ɗaya, Pakistan ta doke Ostireliya a gidanta karo na farko a wasan Tes. Daga nan duniya ta san shi, amma a matsayin mai jifa. Bugunsa a lokacin na ɗan taimako ne kawai.

Akwai wata dabara da ya koya daga abokin jifansa Sarfraz Nawaz, wadda ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Ƙwallon kurket tana da ɗinki a tsakiya wanda ya raba ta gida biyu. In ka lura za ka ga 'yan wasa suna ta goga ƙwallo a cinyar wandonsu har wurin ya yi ja. Ba wasa suke yi ba, gefe ɗaya suke sa wa ƙyalli, su bar ɗayan ya yi kaushi. Sabuwar ƙwallo takan karkata a iska zuwa gefen da ya yi kaushi, kuma kowane mai bugu ya san da haka. Abin da 'yan Pakistan suka gano a busassun filayensu shi ne, in ƙwallo ta tsufa sosai kuma aka sako ta da matuƙar gudu, sai ta juya ta karkata zuwa gefe mai ƙyalli, kuma a makare, bayan mai bugu ya riga ya ɗaga katako ya nufi wani wajen. Da wannan Imran ya yi wa Indiya ɓarna a jerin wasannin 1982 zuwa 1983, inda ya ci wiket 40 a wasa shida. Daga baya ya koya wa Wasim Akram da Waqar Younis.

A cikin jerin nan ne, a Faisalabad, ya yi abin da ake kafa hujja da shi in ana maganar olraunda: maki 117 da katako, wiket 11 da ƙwallo, duk a wasa ɗaya. Kafin shi Ian Botham na Ingila ya yi irin haka a Bombay a 1980, bayan shi kuma Shakib Al Hasan na Bangaladesh ya yi a 2014. Amma in za a yi adalci, mace ce ta riga su duka, Betty Wilson ta Ostireliya, tun a 1958.

Sannan jiki ya kawo takardar bashi. Mai jifan gudu duk lokacin da ya sako ƙwallo yakan dira da nauyinsa gaba ɗaya a kan ƙafar gaba, ya yi haka sau ɗari da wani abu a yini cikin rana. Sauran masu jifa in sun gama sukan miƙe ƙafa su huta, shi kuwa olraunda sai ya ɗaura makarin ƙafa ya ɗauki katako ya koma fili, wataƙila na tsawon awa huɗu. Ƙashin ƙwaurin Imran ya tsage bayan wasannin Indiya, ya yi wajen shekara biyu ba ya iya jifa. A nan ne ma'anar kalmar ta fito fili. Da mai jifa ne zalla, da zaman gida ya kama shi. Shi kuwa a gasar cin kofin duniya ta 1983 ya shiga fili a matsayin mai bugu kawai, kuma kyaftin. A ganina wannan rauni ne ya tilasta masa mayar da bugu sana'a ta sosai. A wasannin Tes 48 da ya jagoranci Pakistan, matsakaicin bugunsa ya haura 50, na jifansa kuma wajen 20.

Zamanin nasa ya yi dacen da ba a cika samu ba, don mutum huɗu ne suka taso tare, kowa yana auna kansa da ɗan uwansa. Ga Botham mai maki 5,200 da wiket 383. Ga Kapil Dev na Indiya mai maki 5,248 da wiket 434, wanda a gasar cin kofin duniya ta 1983 ya tarar da ƙungiyarsa tana neman rushewa a gaban Zimbabuwe, mutum biyar sun fita a kan maki 17, ya tsaya ya ci 175 shi kaɗai, Indiya ta je ta ɗauki kofin. Ga kuma Richard Hadlee na New Zealand mai wiket 431, wanda a gaskiya jifansa ya yi wa bugunsa nisa. Gardamar wanda ya fi wani har yau ba ta mutu ba, ko da yake yawancin masana sukan ɗaga kai su nuna wanda ya riga su, Garfield Sobers ɗan Barbados, mai maki 8,032 da wiket 235, wanda yake jifan gudu da jifan murɗe duka. Jacques Kallis na Afirka ta Kudu, da maki 13,289 da wiket 292, ya fi su duka maki, sai dai bai taɓa samun irin kirarin da ake yi wa sauran ba, wataƙila don wasansa ba shi da kwarmato.

Yau kalmar ta ɗan yi araha. Tun da gajeren wasa na oba 20 ya shigo, inda mai jifa ba ya wuce oba 4, duk wanda zai iya jifa 24 ya kuma make ƙwallo biyu zuwa waje sai a ce masa olraunda. Har an raba su kashi-kashi, wannan olraunda ne mai ƙarfi a bugu, wancan mai ƙarfi a jifa, wanda sau da yawa ladabi ne kawai na faɗin cewa hannu ɗaya ya iya. Kuɗi dai suna wurin. A gwanjon 'yan wasa na gasar IPL ta Indiya a Disambar 2022, ƙungiyar Punjab Kings ta sayi Sam Curran na Ingila a kan rufi miliyan 185, farashin da ba a taɓa biyan wani ɗan wasa a gasar ba kafin ranar.

Imran ya yi ritaya bayan gasar duniya ta 1987, shugaban ƙasa Janar Zia-ul-Haq ya nemi ya dawo, ya dawo. A 1992 ya je gasar cin kofin duniya a Ostireliya yana da shekara 39, kafaɗa na ciwo, gudun jifan ya tafi. Pakistan ta ci wasa ɗaya tal cikin biyar na farko. A Adelaide Ingila ta fitar da su duka a kan maki 74, ruwan sama ne ya sauko ya tsayar da wasan, aka raba makin teburin gasa, kuma wannan makin ɗaya na cikin abin da ya tsallakar da su zagaye na gaba.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar 25 ga Maris, cikin watan azumi, a Melbourne, gaban mutum sama da dubu 87, da Ingilar dai. Pakistan ta rasa mutum biyu a kan maki 24. Imran, wanda ya shigo kurket yana can wajen wutsiya, shi ne ya fito na uku. Shi da Javed Miandad suka yi ta lallaɓawa kamar masu tsallake rafi da kaya a ka, har 'yan kallo suka fara gajiya, suka haɗa maki 139 a tsakaninsu. Ya ci 72, mafi yawa a wasan, kafin ya ɗaga wata ƙwallon Botham sama, Richard Illingworth ya cafe. Pakistan ta tashi da 249.

Da Ingila ta karɓi katako, aikin jifa na yaransa ne. Wasim Akram ya fitar da Botham ba ko maki ɗaya, daga baya ya doki sandunan Allan Lamb da na Chris Lewis a jifa biyu a jere, da dabarar nan ta tsohuwar ƙwallo. Da ya rage mutum ɗaya, ƙwallo na hannun Imran. Wanda ke tsaye gabansa da katako kuwa Illingworth ne, wanda ya cafe shi ɗazu. Ya buga ta sama, Ramiz Raja ya bi ta a guje ya cafe. Ingila 227. Wannan ne jifan Imran na ƙarshe a rigar Pakistan.