Yaro ya yi laifi an kama shi, ina ake kai shi?

Tambayoyin ga iyaye da yawa a Sakkwato na yin su, musamman in an kwashe yara a Tsohuwar Kasuwa kan satar waya.

Wai yaro ƙarami ana hukunta shi?

Ya danganta da shekaru. A dokar Final Kod ta Arewa, wato kundin hukunta laifuka, yaron da bai kai 7 ba babu laifi a kansa sam, daga 7 zuwa 12 kuma sai alƙali ya gamsu cewa ya san abin da yake yi. A kotun shari'ar Musulunci balaga ake dubawa, ba a tsayar da haddi kan wanda bai balaga ba, sai dai ladabtarwa.

To wanda ya kai 15 ko 16 fa, gidan yari za a kai shi?

Bai kamata ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, ba a ɗaure shi a kurkuku, ba a yanke mishi hukuncin kisa, Sakkwato ma ta yi tata dokar a 2021 zamanin Tambuwal. Ana iya damƙa shi ga iyaye su sa hannu, ko a biya diyyar ɓarna, ko a kai shi gidan horon yara. Waɗanda suka ɗan tasa akwai Bosta, wato gidan gyaran halin matasa, ta Kakuri a Kaduna, irinta kuma a Ilori da Abekuta, can ake koya musu kafinta da ɗinki da karatu.

Amma ai muna ganin yara a cikin manya?

Nan gizo ke saƙar. Yaro ba takardar haihuwa, in ya yi tsawo kawai sai a rubuta 18, shi kenan an tura shi cikin riƙaƙƙun ɓarayi, ya shiga da satar kaza ya fito ya iya fasa shago. Kowa ya ga yaran da suka sume a babbar kotun tarayya ta Abuja a Nuwamban 2024 bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, sai da ƙasa ta ɗau zafi sannan Tinubu ya ce a sake su.

Uba mi zai yi in an kama ɗansa?

Malam ka ruga caji ofis da takardar haihuwa ko ta firamare tun ba a rubuta shekaru ba, kada ka bari a ɗau bayaninsa ba ka wurin. Beli kyauta ne a doka. In babu kuɗin lauya, a nemi ofishin Legal Aid, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta.