Amsa ga masu tambaya kan dashen madaci da loko

An sha yi mini tambayoyin nan har na gaji da maimaici. Ga amsa a wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake aiko da su.

Loko zai yi a Kano ko Katsina?

A'a. Itacen kurmi ne, ruwa yake so irin na Edo, Kuros Riba da yankin Kumasi. Ka dasa madacinmu na gida da ya saba da rani.

Na ajiye irin madaci tun bara, zai fito?

Da wuya. Irin madaci ba ya jimre ajiya. Sabo ake rena.

Kan madacina ya bushe, ya fito da rassa biyu ko uku. In fesa magani?

To, nan ne gizo ke saƙar. Tsutsar wani malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare, masana na kiranta Hypsipyla robusta. Uwar tana yin ƙwai a kan ɗanyen toho, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci har kan ya mutu. Bishiyar ba kasafai take mutuwa ba, ka kwantar da hankalinka. Asarar ita ce gangar jikin ta rabu tun daga ƙasa, kuma mai sayen katako miƙaƙƙen gungume yake nema.

Feshi yana iya taimakawa a wurin renon dashe, inda tsiron yake kusa da hannu. A gona kuwa ba na ba da shawararsa. Tsutsar tana cikin toho, maganin yana waje, ruwan sama ya wanke shi, kuma ƙwarin suna sake haihuwa sau da yawa a shekara. Za ka ƙarar da kuɗinka ne kawai.

Abin da ya fi: ka riƙa zagayawa da wuƙa mai kaifi, ka yanke tohon da ya kamu ka ƙona, in sababbi sun fito ka bar mafi miƙewa guda ɗaya. Sannan kada ka cika fili da madaci zalla. Ka gauraya shi da wasu itatuwa ya samu 'yar inuwa daga gefe. Amma fa inuwar in ta yi yawa girma zai tsaya, kuma saurin girma shi ke fitar da shi daga shekarun farko da ɓarnar ta fi zafi. Yawan inuwar ya danganta da ƙasarka da ruwan yankinka. Ko ka yi duk wannan, wasu za su rabu. Su ne za ka fara cirewa lokacin rage cunkoso.

Ganyen lokona ya yi ƙulle-ƙulle fa?

Wani ƙaramin ƙwaro ne, Phytolyma. Ƙullin yana fashewa ya ruɓe, tohon ya mutu. Ya fi addabar lokon da aka dasa shi kaɗai a fili babu inuwa.

Me ya fi kashe dashe?

Wuta da awaki. Jama'a, kuna ta zancen ƙwari alhali ba ku share gefen gona kafin rani ba! Ga kuma masu sassaƙe ɓawon madaci don magani, in suka zagaye gindin, bishiyar ta tafi.

Yaushe zan sare in sayar?

Ba yanzu ba. Itacen katakon nan na tik (teak) ma, irin na dajin Nimbiya a kudancin Kaduna, sai ya haura shekara 20. Madaci da loko sun fi haka daɗewa sosai.