ZTL: dokar da ke cin baƙi tara a Italiya ba tare da an tsayar da su ba

Mai yawon buɗe ido a gaɓar Bahar Rum yakan ɗauki hayar mota a Italiya, ya zaga Fulorens da Fisa da Roma, babu ɗan sandan da ya ɗaga masa hannu, ya koma gida yana ganin an rabu lafiya. Bayan watanni sai takardar tara ta iske shi har gida, wani lokacin ma ba ɗaya ba. Abin da ya taka shi ne ZTL, yankin da aka taƙaita shigar motoci.

Tushen abin yana cikin dokar hanya ta Italiya ta 1992. Sashe na 7 ya ba hukumar kowane gari ikon keɓe wani yanki ta hana motar da ba ta da izini shiga. Galibi tsohon gari ake keɓewa, inda lungunan suka girmi mota da ɗaruruwan shekaru. Siyena tun 1965 ta fara korar motoci daga tsakiyarta. Duk wanda ya ga matsatsin waɗannan lunguna ba zai ga laifin dokar ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda baƙo zai gane ya shiga.

Ba shinge, ba ƙofa. Allo ne kawai, farar da'ira mai jan baki, a ƙarƙashinta an jera lokutan hani da Italiyanci. A sama kuma kyamara ce ke ɗaukar lambar kowace mota tana dubawa cikin jerin masu izini. Mazauna unguwar da tasi da bas duk suna cikin jerin, don haka ganin motar gabanka ta wuce ba hujja ba ce, mai yiwuwa gida ta nufa. Wasu mashigai na da allon lantarki. Idan ya nuna "varco attivo" kyamara na aiki, kada ka shiga. "Varco non attivo" ne ke nufin hanya a buɗe take. Baƙi da yawa a juye suke fahimtarsa. A Fulorens an haɗa da fitila, ja ko kore. Kowane gari kuma da nasa lokacin, wasu har da dare a lokacin zafi, kuma manhajar taswirar waya ba kullum take gargaɗi ba.

Tarar tana farawa daga sama da yuro 80, ban da kuɗin aiko da takarda, kuma kafin gyaran dokar na ƙarshen 2024 kowace shiga da tata take. Wanda ya ɓace yana neman otal, ya fita ya sake shigowa, a wancan lokacin yakan iya tara takardu uku cikin yammaci guda. Kamfanin hayar mota shi ma zai cire nasa kuɗin daga katinka, ladan miƙa sunanka da adireshinka ga hukuma. Mutane kan ɗauka sun biya ke nan, alhali tarar tana tafe. Doka ta ba hukuma kwana 360 ta isar da ita ga mazaunin ƙasar waje.

Wanda ya biya cikin kwana 5 da karɓar takardar ana rage masa kashi 30 cikin ɗari. Mai son ƙalubalanta yana da kwana 60 ya kai ƙorafi wurin wakilin gwamnati na lardin, ko ya kai ƙaramar kotu cikin kwana 30 (kwana 60 ga mazaunin ƙasar waje). Da Italiyanci ake rubutawa, kuma idan wakilin ya ƙi amincewa sai kuɗin ya ninka. Sai dai in kana da hujja a hannu, biyan ya fi sauƙi.

Idan otal ɗinka na cikin yankin, ka ba su lambar motar su shigar da ita, a garuruwa da dama hakan na halatta sauke kaya. Ka tsaya ka ga an shigar, kada ka yarda da "za mu yi". In ba haka ba ka ajiye motar a wajen gari ka ƙarasa da ƙafa ko bas. Tsakanin manyan birane kuwa jirgin ƙasa ya wadatar, daga Roma zuwa Fulorens kusan awa ɗaya da rabi ne.

Mai lasisin Najeriya ko Nijar kuma ya tafi da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ko fassarar nasa ta hukuma, domin rashinsa ma da tarar kansa.